Sakatar Ɗakin Dogo

Asabar, da hantsi

Har yau babu wanda ya ba ni dalili. Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu. Ya kama hannun ƙanena ya kai shi makaranta, ni ya miƙo mini zarto. Ban fi yaron ƙarfi ba, shi kuma bai fi ni kai ba. Na tambayi tsohon yana da rai, ya ce in bar maganar. Na tambayi ƙanen nawa, ya ce shi yaro ne a lokacin, me ya sani. To ni a lokacin gemu gare ni? Ga shi yau yana cin fansho, yana gyara mini magana a gaban mutane, ni kuwa ina nan da ciwon kafaɗa da guntun yatsa.

Ko wannan rubutun ba a aji na same shi ba. Jikana Dogo ne ya koya mini tun yana firamare, da fensirin kafinta a kan guntayen katako. In na juya harafi baya sai ya buge mini hannu ya ce, "Tsoho, kanka ya fi katakon nan tauri." Yaron da ko wandonsa bai iya ɗaurewa ba.

Shi ya sa ranar da ya samu jami'a na rantse abin da aka hana ni sai ya same shi har ya yi yawa. Na kwashe ɗakin da nake ajiye katako a bayan gida, na yi masa tebur da kantar littattafai, na sa ƙyaure mai kauri wanda ko kukan jariri ba ya ratsawa, na buga masa sakata ta ciki. Na kuma kafa doka: in Dogo yana ciki, ba a ƙwanƙwasawa, ba a kunna rediyo, ba a aikensa. Abincinsa a ajiye a kan kujerar bakin ƙofa a wuce. Mai karatu ba ya son hayaniya. Ban yi makaranta ba, amma wannan dai na sani.

Ya dawo tun makon jiya, ba kuwa lokacin hutu ba ne. Ya ce an sake su ne su yi shirin jarrabawa. Tun da ya shiga ko tarinsa ba a ji. Na gaya wa mai shagon ƙusa na bakin titi, wanda kullum yake yi mini gori da ɗansa ma'aikacin banki, na ce wata rana ka zo ka ga yadda ake karatu.

Litinin, da yamma

Uwar Dogo ta same ni a rumfar aiki, ta tsaya daga baki-baki. Ta ce, "Baba, yaron nan ba ya cin abinci. Yadda na ajiye kwano haka nake ɗauka."

Na ce, "Wanda kansa ya cika da lissafi ina zai tuna da ciki?"

Ta ce, "Ko in leƙa shi?"

Na ce, "Ki leƙa ki ce me? Ke kin san abin da yake karantawa?"

Ta juya ta tafi. Matar kirki ce surukar tawa, sai dai ta fiye tsoro. Mijinta, wato ɗana, yana can kan hanya da babbar motarsa. Ko yana nan ma ba abin da zai ce sai "yadda Baba ya gani", in ya fita kuma ya yi yadda shi ya gani.

Talata, da azahar

Kwanon ya dawo a rufe.

Laraba, da safe

Yau na gan shi. Ya fito ina goge ƙafar wani tebur, ya zo ya tsaya a kaina. Gashi ya yi masa buya-buya, riga ta yi masa yawa. Na ce, "Injiniya, an fito shan iska? Ko ka zo ka duba ko tsohon ya mutu ka gaji guduma?" Da can sai ya ce gudumar ma ta fi ni ƙuruciya. Yau sai ya ce, "Sannu da aiki, Tsoho."

Ya miƙo mini babbar rigarsa ta sanyi, wadda yake ji da ita, wadda ko taɓawa ba ya bari a yi. Ya ce in riƙe, kafaɗata ta fi bukatarta. Na ce kai fa? Ya ce shi ya gama da ita. Sannan ya shafa teburin da nake gogewa ya ce, "Ka yafe mini, Tsoho. Ka ɓata katakonka mai kyau a kaina."

Na ce wace irin magana ce wannan, koma ka yi karatunka. Ya koma. Na ji sakata ta shiga.

Yaran yanzu wa ke tuna kafaɗar kakansa? Na sa rigar na je har shagon ƙusa da ita, duk da ana zafi.

Alhamis, bayan la'asar

Zan rubuta yadda aka yi.

Da hantsi wata yarinya ta yi sallama. 'Yar siririya, gajera, da jar jaka a baya wadda ta kusa finta girma. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce ita 'yar ajinsu Dogo ce, ta zo ganinsa. Na ce yana karatu.

Ta ce, "Karatun me, Baba?"

Na ce na jarrabawa mana, ba an sake ku ba?

Ta ce, "Ba a sake mu ba. Ni ma lakca na gudu na shigo mota. Tun farkon zangon nan yake ɓacewa, yau ya zo gobe babu shi. Yanzu wayarsa ma a kashe take."

Raina ya ɓaci. Na ce jikana ba maƙaryaci ba ne, kuma gidan nan mace ba ta biyo saurayi har ƙofar ɗaki.

Ta ce, "Ni ba budurwarsa ba ce, Baba. Ni ce mai kwafar aikinsa. In bai dawo ba, wa zan kwafa?"

Uwarsa da ke bayana ta kusa dariya. Ni ban yi ba. Don in nuna mata lafiyarsa ƙalau, na ce ga rigar da ya ba ni jiya ma, na faɗa mata abin da ya ce. Nan take fuskar yarinyar ta sauya. Ta ce, "Me kuma ya bayar?" Uwarsa ta ce ya ba yaron maƙwabta takalminsa na ƙwallo, ita kuma ya ba ta agogonsa.

Ba ta ƙara ce mini komai ba. Ta raɓa ta gefena kamar ni turke ne, ta nufi bayan gida, ta ɗaga hannu ta buga ƙyauren. Dokata ta shekaru! Na daka mata tsawa, ta yi kunnen uwar shegu da ni.

Ta ce, "Dogo, ni ce. Ba inda za ni. Akwai ruwa da biskit a jakata, kuma ka san ba na gajiya da magana."

Sakata ba ta motsa ba. Ta sauke kwanon ƙasa, ta zauna a kan kujerar, ta jingina kai da ƙyaure, ta kama ba shi labari. Wai wani malaminsu ya shigo aji da takalmi wari daban-daban. Wai an sake ƙara kuɗin burodi a kantin makaranta. Wai ta yi aikin gida da kanta an ba ta makin da ko kare ba zai ci ba. Rana ta taso daga bakin rumfa har ta kai tsakiyar gida tana nan tana zuba. Ni ina tsaye, na kasa korarta, na kasa komawa aiki.

Sai sakata ta motsa.

Na hango cikin ɗakin ta saman kanta. Labule a sauke. Littattafan suna cikin kwalinsu yadda ya zo da su, ko buɗewa ba a yi ba. Teburin da na yi masa babu komai a kai.

Ta zauna a ƙasa a gabansa. Ba ta yi masa wa'azi ba, ba ta ce me ka rasa ba. Ta tambaye shi ko yana tunanin raba kansa da duniya. Ba haka ta faɗa ba, ita kalmar ta faɗa tsirararta, wadda ni ba zan rubuta ba.

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ce e.

Ban san lokacin da na zauna a dandaryar ƙasa ba.

Alhamis, gab da magariba

Da ta fito na tare ta. Na ce kin sa masa abu a rai. Ta ce, "Yana ransa tuntuni, Baba. Shi kaɗai yake ɗauke da shi, yanzu mun zama mu huɗu."

Ta ce kada a bar shi shi kaɗai. Ta ce in kulle rumfar aiki da duk wani magani da ke gidan in riƙe makullin a jikina. Ta ce gobe asibiti, ba jibi ba. 'Yar da ba ta kai kafaɗata ba tana ba ni umarni a cikin gidana.

Na kulle.

Juma'a, da yamma

Dole ta sa na aika a kira ƙanena, don shi ne mai mota. Na shirya jin dogon turanci. Sai kawai ya buɗe wa Dogo ƙofar gaba.

Likitar mace ce mai furfura kaɗan. Ta daɗe da shi a ciki, sannan ta kira mu ni da uwarsa. Ta ce sunan abin ciwon damuwa. Na ce damuwa kuma ciwo ce? Ai kowa yana da ita, ni nan tun ina yaro nake da tawa. Ta ce akwai wadda mutum yake ɗauka ya yi yawo da ita, akwai wadda take danne mutum ya kasa tashi wanka, ta riƙa raɗa masa cewa kowa zai huta in babu shi. Ta ce ba lalaci ba ne, ba rashin godiya ba ne, kuma ana warkewa. Ta ce ɗalibai da yawa suna zuwa mata da shi, waɗanda ba sa zuwa sun fi yawa. Ta ba da magani, ta ce uwarsa ce za ta riƙe, ta sa masa ranar dawowa su zauna su yi magana. Ta rubuta mana lambar da za a kira in abu ya yi tsanani, ko wane lokaci ne.

Muna jira a kan benci ƙanena ya ce, "Yaya, a shekarata ta biyu a makarantar kwana na yi irin wannan. Aka ce lalaci ne, aka yi ta zane ni."

Na ce me ya hana ka faɗa?

Ya ce, "In faɗa wa wa? Kai da kake ganin aljanna aka kai ni?"

Duk da haka dai shi aka kai.

Asabar, da sassafe

Na ɗauko kayan aiki na cire ƙyauren gaba ɗaya, na jingina shi a bango.

Asabar, da azahar

Ya yi fushi. Tun dawowarsa yau na fara jin muryarsa da ƙarfi.

Ya ce, "Tsoho, ka mai da ni dabbar gidan kallo? Ko wando ba zan sauya ba sai duk gida sun gani?"

Na ce gidana ne, ƙyaurena ne, ni na yi shi.

Ya ce, "Ai na sani. Komai kai ka yi."

Wannan ta shige ni. Amma wallahi na ji daɗin tsawar, na fi son ta da "sannu da aiki". Yarinyar nan, Jar Jaka, ta bugo wa uwarsa waya, da ta ji abin da na yi sai ta ce a ba ni. Ta ce, "Baba, cewa na yi kada a bar shi shi kaɗai, ban ce a tone shi ba. Ka tambaye shi yadda yake so."

Ni in tambayi jikana izinin ƙyaurena.

Na tambaya. Muka shirya a kan a mai da ƙyauren, a cire sakatar, kuma duk wanda ya ƙwanƙwasa sai ya amsa, ko da "ina nan" ne. Shi ya riƙe mini ƙyauren ina ɗaurawa. Hannunsa ba ƙarfi, amma ya riƙe.

Ban ce ƙyauren laifi ne ba. Ƙyaure ne mai kyau, babu irinsa a unguwar nan.

Lahadi, da safe

Na ƙwanƙwasa. "Ina nan."

Litinin, da yamma

Ubansa ya dawo. Ko jakarsa bai ajiye ba ya fara: me yaron nan ya rasa, wa ya taɓa hana shi wani abu, mutane suna neman abin da ya samu ba su samu ba. A tsakar gida, da ƙarfi, yaron yana ji.

Na ce, "Rufe mini baki."

Ya ce, "Baba, ai gaskiya ce."

Na ce, "Ni na fara faɗarta a asibiti, likita ta ce ba ita ba ce. In ba ka da abin cewa, je ka wanke motarka."

Abin mamaki, uwar Dogo ce ta ƙarasa. Matar da tun da aka kawo ta gidan nan ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ta dubi mijinta ta ce, "Ɗana ba shi da lafiya. Wanda zai taimaka ya zauna, wanda zai yi faɗa ga hanya nan." Ta faɗa tana kallonsa, amma na san har da ni a ciki.

Ya fita. Can na leƙa titi na gan shi a cikin motar, ya kifa kai a kan sitiyari. Na bar shi. Da ya dawo ya je ya ƙwanƙwasa da yatsa ɗaya, kamar mai tsoron ƙyauren zai cije shi.

Laraba, da hantsi

Mai shagon ƙusa ya ce yaushe zai zo ganin karatun. Na ce ƙusoshinsa na kwanan nan duk lanƙwashewa suke yi.

Alhamis, da azahar

Yau ba daɗi. Bai tashi ba. Maganin yana sa shi jiri, kuma likita ta ce sai an ɗan jima kafin ya fara aiki. Na ƙwanƙwasa ya yi jinkirin amsawa, a ɗan tsakanin nan na ga abin da ba zan rubuta ba. Sannan ya ce, "Ina nan." Na shiga na zauna a bakin katifa. Ban iya surutu irin na yarinyar nan ba. Na ba shi labarin yadda na rasa yatsana, wanda ya ji ya fi a ƙirga. Da na tashi ya ce, "Wancan karon ka ce zarton inji ne, yau ka ce na hannu."

Ashe yana ji.

Juma'a

Ina nan, in ji shi.

Asabar, bayan la'asar

Jar Jaka ta zo. Ta ce kowace Asabar za ta shigo mota ta zo, ta kawo masa labarin aji, ta ci abincin uwarsa kamar an aiko ta. Yau na ga idonta ya faɗa. Uwar Dogo ta ce jarrabawarsu ta matso, a mota take karatu.

Na raka ta bakin titi. Na ce, "Ke 'yar nan, wa ya koya miki wannan tambayar? Ni da furfurata ba zan iya ba."

Ta gyara jakarta ta ce, "Da ina da yaya. Ita ba wanda ya tambaye ta."

Ban tambayi sauran ba. Ta ce ba Dogo kaɗai ba ne, akwai wasu biyu a ajinsu da take bibiya, ɗaya ta samu ta kai ta wurin likita, ɗayan har yanzu yana ce mata lafiya lau. Ta faɗa kamar mai lissafin wanki. Mota ta zo, ta ce, "Baba, rigar nan ta sanyi ka mayar masa, zafi zai kashe ka." Ta shige.

Na ga mutane a rayuwata. Na ga wanda ya shiga gobara ya fito da yaro. Amma shi sau ɗaya ya shiga.

Litinin, da safe

Ya yi wanka ba wanda ya ce ya yi. Ya fito ya zauna a rana, ya sha shayi rabin kofi. Na ga yadda ya ɗaga kofin kamar buhun siminti ne, ya kai baki, ya sake ɗagawa. Na yi dakon katako a kafaɗa tun ban yi gashin baki ba, ban taɓa ɗaukar abin da yaron nan yake ɗauka daga katifa zuwa bakin ƙofa ba.

Laraba, da yamma

Na buɗe rumfa, ya zo ya zauna. Na ba shi takardar goge katako da ƙafar kujera, sauran kayan suna cikin akwati a kulle. Ya lura. Muna cikin gogewa ya fara magana, idonsa a kan katakon.

Ya ce zangon da ya wuce ya faɗi darasi biyu, ya kasa faɗa. Ya ce ba ma faɗuwar ba ce, tun kafin nan yake zama a aji yana jin malam kamar daga cikin rijiya. A ɗakin kwanansu na makaranta su da yawa ne, amma kowa da abin kunnensa, mutum zai yini a kwance da bargo a ka, a ɗauka barci yake. Ya ce, "Da na dawo gida na ce ko a nan wani zai gane. Sai na ji kuna tafiya da sanɗa."

Na ci gaba da gogewa.

Ya ce, "Kuma Tsoho, ka daina ce mini Injiniya."

Na ce to me zan ce, ga ka nan kamar sandar rake.

Ya ce, "Dogon ya isa."

Ya tambaye ni ko zan ji kunya in ya tsaya da karatu na wannan zangon. Na ce ni da ban taɓa shiga aji ba, kunyar me ta rage mini? Ya yi dariya kaɗan ta hanci. Ƙafar kujerar da ya goge ba ta yi kyau ba, da ya tafi na sake ta.

Juma'a, da azahar

Sun je wurin likita shi da uwarsa. Likitar ta ce akwai ci gaba, amma kada mu saki jiki, ranaku marasa daɗi za su riƙa dawowa. Ya gaya wa uwarsa tunanin nan bai tafi duka ba, sai dai yanzu in ya zo yana faɗa. Jiya ma shi ya ƙwanƙwasa mata.

Yana so ya koma in zango ya zagayo. Shi ya faɗa da bakinsa. Ubansa har ya fara murna.

Litinin, da yamma

Yau na taka jami'a, karo na farko a rayuwata. Ƙanena ya kai ni da takardar likita don a ɗaga wa Dogo zangon. Jar Jaka ta tare mu a bakin ƙofa, ta fito daga jarrabawa da biro a bayan kunne, ta yi ta ja mu daga wannan taga zuwa waccan. Wuri ne mai kyau, ba zan ɓoye ba. Bishiyoyi, dogayen gine-gine, yara ko'ina da littattafai. Na so in ji haushi, sai na tsinci kaina ina kallon fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

An karɓi takardar, an buga hatimi. Mutumin tagar mai kirki ne, har ya ce Allah ya ba shi lafiya. Sai na ce ina da tambaya. Na ce in yaron nan ya dawo, ya kwana biyu bai fito daga ɗaki ba, wa zai je ya ƙwanƙwasa?

Ya ce akwai ofishin ba ɗalibai shawara, duk mai matsala yana iya zuwa.

Na ce wanda ya kasa tashi wanka ne zai hau bene ya nemi ofis?

Ya ce wannan ba sashensa ba ne, in je sama. Muka hau sama. Aka ce mai ofishin yana taro. Ƙanena ya ja mini riga, wai Yaya ba haka ake yi ba, sai an rubuto a takarda. Jar Jaka ta ce, "Baba, kada ka damu, ai ina nan." Ta faɗa tana hamma, idonta ja wur. Gobe ma tana da wata jarrabawar.

Na ce mata ke kuma wa yake ƙwanƙwasa miki?

Talata, da sassafe

Na ƙwanƙwasa. Ya ce, "Ina nan, Tsoho, kuma ka cika sammako."

Na sa rigata mai kyau. Ƙanena ya ce ba zai iya kai ni yau ba, na ce motar haya ba ta ƙare ba. Na ga benci a gaban ofishin nan na sama, ƙafarsa ɗaya tana rawa, amma zai ɗauke ni. Taro dai ba ya kwana.

Ba zan rubuto a takarda ba. Ga ni da bakina. Jikana yana so ya dawo muku, ni ma ina so, babu wanda ya fi ni so. Amma ba zan miƙa shi ga wani ɗakin da za a wuce shi da sanɗa ba. Kada a ce mini akwai ofis, kada a ce mini akwai yarinya mai jar jaka, ita ma 'yar wani ce, kuma ta gaji. Mutum nake so, mai suna, wanda aikinsa ke nan, in ga fuskarsa, ya ga tawa. In Dogo ya yi shiru, wa zai buga ƙofar?

A fito a amsa mini.